Yadda Aka Sa wa Iska Linzami

A ƙarshen watan Nuwamba na shekarar 1703 wata guguwa ta afka wa kudancin Ingila cikin dare. Ta yaye rufin gidaje, ta tumɓuke dubban itatuwa, ta nutsar da jiragen ruwan yaƙi da mutanen da ke cikinsu. Marubucin nan Daniel Defoe ya sa sanarwa a jarida yana roƙon duk wanda ya ga wani abu ya aiko masa da labari, ya tara wasiƙun ya fitar da littafi a 1704. Cikin ɓarnar da ya lissafa akwai injinan niƙa masu aiki da iska sama da 400. Wasunsu kifewa suka yi. Wasu kuwa ƙonewa suka yi ƙurmus, kuma ba tsawa ce ta faɗa musu ba. Fikafikansu ne suka yi ta gudu babu mai iya tsayar da su, katako na gugar katako, har wuta ta tashi daga ciki.

Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka babbar wahalar injin iska ita ce samun iskar. Masu niƙa sun san ba nan gizo ke saƙar ba. Kowane ƙyalle da aka ɗaura a sanda zai kama iska. Abin da ya daɗe yana ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne sanin lokacin da za a sake ta, da yadda za a sake ta ba tare da an yi asarar injin ba. Dalilin yana cikin halin iskar kanta. A 1759 injiniya John Smeaton ya gabatar wa ƙungiyar masana ta Royal Society sakamakon gwajin da ya yi da 'yan ƙananan fikafikai da ya ɗaura a bakin wata doguwar sanda mai kewayawa. Ya nuna cewa idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da inji ke samu kusan sau takwas yake ninkawa. Idan ya ninka sau uku, ana maganar sau 27 ke nan. Injin da ke niƙa cikin natsuwa da hantsi yana iya zama abin tsoro kafin la'asar. Irin wannan na'ura ce masana lissafi ke cewa halinta ba ya bin miƙaƙƙen layi: abin da ka ba ta da abin da za ta mayar maka ba sa ƙaruwa a ma'auni ɗaya, don haka gyaran da ya yi daidai a wannan yanayi sai ya zama ɓarna a wancan.

Tun daga injinan farko da aka sani, na yankin Sistan da ke tsakanin Iran da Afganistan, waɗanda al-Mas'udi ya ambata a ƙarni na 10, har zuwa na Turai da suka bayyana a ƙarshen ƙarni na 12, mutum ne linzamin. Injin Turai na wancan zamani ɗaki ne na katako a kan ginshiƙi guda. In iska ta sauya, mai niƙa ya sauko ya sa kafaɗa a wata doguwar sanda da ke bayan ɗakin, ya tura ginin gaba ɗaya har ya fuskance ta. In ta ƙara ƙarfi, ya ja burki ya tsayar da fiffike ɗaya yana kallon ƙasa, ya nannaɗe wani sashe na zanen da ke kansa, ya saki burki ya jawo na biyu, haka har huɗu, ko ana ruwa ko cikin duhu. A ciki kuma wani aikin na jiransa. Gudu na ƙaruwa, dutsen sama yakan ɗan tashi, gari ya fito da tsaki, sai ya riƙa ja da sakin igiyar da ke daidaita tazarar duwatsun da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana murza garin tsakanin babban yatsa da manuni. Hatsin da ke zuba tsakanin duwatsu shi ne burki mafi aminci da yake da shi. In ya ƙare ana tsakiyar guguwa, dutse ya gogi dutse, tartsatsi ya tashi a ɗakin da ƙurar gari ta cika. In kuma ya yi sake iska ta zagayo ta bayan injin, tana iya tsige fikafikan da rufin baki ɗaya. Mai niƙa ba ya barci mai nauyi.

Maƙera ne suka fara rage masa wannan kaya, tun kafin jami'o'i su san da maganar. A 1745 wani maƙeri mai suna Edmund Lee, da ke aiki kusa da garin Wigan, ya yi rajistar wata ƙaramar farfela da ake kafawa a bayan inji, a gicciye da manyan fikafikai. Muddin injin na fuskantar iska, iskar ta gefenta take wucewa, ba ta motsi. Da zarar iska ta karkace sai ta bugi fuskarta, ta juya, haƙoran ƙarfe su tura injin har ya sake fuskantar iskar, sannan ta tsaya da kanta. Kuskuren ne ke tayar da gyara, gyaran kuma na ƙarewa da ƙarewar kuskuren. A kan wannan tunani aka gina duk ilimin sarrafa injina da ake koyarwa yau. A 1772 Andrew Meikle ɗan Sikotland ya maye gurbin zane da 'yan allunan katako da sifirin ke riƙe da su, iska in ta yi yawa ta tura su su buɗe ta wuce. William Cubitt a 1807 ya haɗa dukkan allunan da sarƙa guda da ake rataya wa nauyi, mai niƙa ya ƙara nauyin ko ya rage ba tare da ya tsayar da aiki ba.

Wadda ta fi yin nisa a duniya cikin waɗannan dabaru ita ce ta ƙwallaye biyu. Ƙwallayen ƙarfe ne a rataye a jikin sandar da ke juyawa tare da injin. Gudu ya ƙaru su buɗe su tashi sama, gudu ya ragu su sauko, motsinsu kuma ya ja ƙarfen da ke daidaita tazarar duwatsun niƙa. Thomas Mead ya yi rajistar irinta a 1787. Shekara na zagayowa Matthew Boulton ya ga tana aiki a gidan niƙa na Albion a Landan, ya rubuta wa abokin kasuwancinsa James Watt yana kwatanta masa ita, kafin shekarar ta fita Watt ya haɗa ta da bawul ɗin injinsa na tururi. Bai nemi rajistarta da sunansa ba, amma sunansa ne ya bi ta har yau, kuma an ƙiyasta cewa zuwa 1868 akwai irinta kimanin 75,000 suna aiki a Ingila. Haƙƙin masu niƙa ne a riƙa faɗi cewa daga ɗakinsu ta fito.

Sai wata cuta ta ɓullo. Da aka ƙware wajen ƙira, gogayya ta ragu a gaɓoɓin na'urar, injina suka ƙara sauri, sai aka lura wasu ba sa natsuwa. Inji ya ɗan zarce, ƙwallaye su rufe tururi fiye da kima. Ya yi ƙasa, su buɗe fiye da kima. Kowane kai-komo ya fi na bayansa muni, har injin ya kama jijjiga, kuma sau da yawa na'urar da aka fi kyautata ƙirarta ita ta fi wannan hali. George Airy, masanin taurari na Greenwich, ya ci karo da matsalar a 1840 a na'urar da ke juya madubin hangen taurari. James Clerk Maxwell ne ya zauna a 1868 ya rubuta lissafin abin, shekara 80 cif bayan Watt ya ɗaura ƙwallayensa. Dabararsa ita ce ya ƙaddara injin bai yi nisa da gudun da ake so ba, domin a wannan ɗan taƙin lanƙwasasshen hali yana kama da miƙaƙƙe, lissafi ya yi sauƙi. Daga nan ya fitar da sharaɗin da ke raba na'urar da kai-komonta zai lafa da wadda nata zai yi ta girma. Ƙananan misalai ya iya warwarewa, ya bar wa masana lissafi babbar tambayar. Edward Routh, wanda ya zo na ɗaya a jarrabawar lissafi ta Kambirij a 1854 Maxwell na biye da shi, shi ya amsa ta a 1877. A Zurich Adolf Hurwitz ya sake warware ta ta wata hanyar a 1895, bisa roƙon injiniya Aurel Stodola mai fama da injinan ruwa.

Dabarar Maxwell na da iyaka, domin gaskiyarta ba ta wuce kewayen wurin da aka tsaya ba. Wanda ya tunkari lanƙwasar gaba da gaba shi ne Aleksandr Lyapunov, malami a Kharkov, a kundin digirinsa na 1892. Ya nuna cewa ba sai an warware lissafin ba: a nemo wani adadi mai kama da kuzarin da ke cikin na'urar, in aka tabbatar kullum raguwa yake yi, to dole ta natsu. An fassara aikin zuwa Faransanci a 1907, amma injiniyoyin Yammacin duniya ba su rungume shi sosai ba sai wajajen 1960.

Kafin nan iska ta riga ta shiga harkar lantarki, kuma mutumin da ya fi barin baya mai kyau malamin makarantar ƙauye ne a Denmak. Poul la Cour, masanin yanayi, yana koyar da kimiyya a makarantar manya ta Askov lokacin da gwamnati ta ba shi tallafi ya kafa injin gwaji a 1891. Nan take ya gamu da tsohuwar matsala cikin sabuwar riga: dutsen niƙa na haƙuri da gudun da ke hawa da sauka, janareto ba ya yi. Ya ƙirƙiro wani tsari na bel da nauyaye da ya kira Kratostat, mai shanye hawa da saukar iska. Da wutar da ya samu ya riƙa raba ruwa yana tara iskar haidirojin, da ita aka haskaka makarantar daga 1895. Gwaje-gwajensa sun nuna cewa fikafikai kaɗan masu sauri sun fi masu yawa amfani wajen lantarki. Abin da ya fi duka tasiri kuwa shi ne ajin da ya buɗe a 1904 domin koya wa 'ya'yan manoma aikin wuta. Cikin ɗaliban akwai wani saurayi ɗan shekara 17, Johannes Juul.

Amurka ta gwada tsallake matakan duka a taki ɗaya. Palmer Putnam ya shawo kan kamfanin S. Morgan Smith, mai ƙera injinan madatsun ruwa, ya jawo manyan masana irin su Theodore von Kármán, suka gina inji mai megawat 1.25 a kan wani tudu a jihar Vermont da ake kira Grandpa's Knob. Fikafikai biyu ne na ƙarfe, kowanne tan takwas, faɗin farfelar mita 53. Na'urar daidaita gudunsa na murɗa fikafikan da matsin mai domin su riƙe zagaye kusan 29 a minti. Ranar 19 ga Oktoba 1941 ya fara zuba wuta a layin lantarki. A Fabrairun 1943 babban boris ya lalace, yaƙi ya sa aka yi shekara biyu ana jiran madadinsa. An san akwai tsagewa a gindin fikafikan, amma babu ƙarfen da za a ƙera sababbi. Mako uku da komawarsa aiki, da wajen ƙarfe uku na daren 26 ga Maris 1945, fiffike ɗaya ya ɓalle ya tashi ya faɗi sama da mita 200 daga hasumiyar. Gajiyar ƙarfe ce ta karya shi, lanƙwasawa da miƙewa a kowane zagaye sau miliyoyi. An ɗauki shekaru kafin a fahimci cewa na'urar da ke lura da gudu kaɗai rabin aiki take yi, sai ta kula da wahalar da ƙarfen ke sha.

Juul na da kusan shekara 70 lokacin da injinsa ya fara aiki a Gedser, can kudancin Denmak, a 1957. Kilowat 200 ne, faɗinsa mita 24, fikafikai uku da aka ɗaɗɗaure da wayoyin ƙarfe, ba wani kyan gani. Hikimar dattijon ita ce ya ƙi sa abin da zai lalace. Fikafikan a kafe suke, ba sa murɗawa. Janareton a manne yake da layin wuta, layin ne ke riƙe gudunsa kusan wuri guda. In iska ta wuce wani mataki, tana zuwa wa fiffiken ta kusurwar da ba za ta iya bin bayansa ba, sai ta hargitse, ƙarfin ya daina ƙaruwa da kansa. Siffar fiffiken ce ke yin aikin na'ura. In kuma layin wuta ya yanke, injin ya rasa mai riƙe shi ya fara tsere, ƙarfin juyawar ne ke fizgar bakin kowane fiffike ya gicciye ya zama burki. Shekara goma ya yi yana aiki, zuwa 1967.

Da rikicin mai na 1973 ya tashi, hanya ta rabu biyu. Gwamnatocin Amurka da Jamus suka zuba kuɗi a ƙattan injina, hukumar NASA da kamfanonin jiragen sama na jan ragama. Na Jamus, Growian, da aka kafa a gaɓar Tekun Arewa a 1983, megawat 3 ne mai faɗin mita 100. Awa 420 kacal ya yi aiki, aka rushe shi a 1988. An samu awo da ilimi masu amfani daga waɗannan ƙattai, ba za a hana su wannan ba, amma masana'anta ba daga gare su ta fito ba. A Denmak wani kafinta, Christian Riisager, ya kwaikwayi na Gedser a ƙaramar siffa mai kilowat 22 ya haɗa da layin wuta. Maƙeran ƙauye suka biyo baya, haka masu ƙera kayan noma irin su Vestas. Injinan farko da dama sun tsere sun tarwatse. Ƙungiyar masu injinan, da aka kafa a 1978, ta tsaya kai da fata sai an sa burki iri biyu da ba su dogara da juna ba, ta kuma riƙa bugawa a mujallarta kowane wata abin da kowane inji ya samar da abin da ya lalace a jikinsa. Tallafin kashi 30 cikin ɗari da gwamnati ta fara bayarwa a 1979 sai injin da tashar gwaji ta Risø ta amince da shi. Mai ƙira ba ya iya ɓoye aibin kayansa, maƙwabcinsa kuma ba ya maimaita kuskurensa.

Girma ne ya kawo ƙarshen fiffike kafaffe. Da injina suka doshi megawat, bugun da guguwa ke wa fiffiken da ba ya kaucewa ya fi ƙarfin kowace hasumiya mai araha. Sai aka koma murɗa fikafikai, aka kuma samu na'urorin lantarki da ke barin farfela ta sauya gudu yadda iska ta zo, kamar injin E-40 da kamfanin Enercon na Jamus ya fitar a 1993. Aikin mai niƙa ya koma hannun kwamfuta.

Ga yadda yininta yake. Iska ta kai mita uku ko huɗu a sakan, kwamfuta ta saki farfela. Muddin iskar ba ta yi yawa ba, burinta ta tatsi duk abin da za a iya tatsa, kuma Albert Betz ya nuna tun 1920 cewa babu farfelar da za ta wuce kusan kashi 59 cikin ɗari na ƙarfin iskar da ta ratsa ta. Domin kusantar wannan iyaka, bakin fiffike sai ya riƙa gudu kamar ninki bakwai ko takwas na gudun iska. Ma'aunin iskar da ke saman injin a bayan farfela yake, cikin hargitsin da ta bari, ba abin dogaro ba ne, saboda haka gudun farfelar kanta ake aunawa, a ƙara ko a rage jan janareto daidai da shi. Iska ta kai mita 11 zuwa 13, janareto ya cika, aikin ya juye zuwa zubar da rara ta hanyar murɗa fikafikai su kauce. Ta kai wajen 25, a miƙe su tsaf da iskar a tsaya. Wasu ƙirar ma kwantar da su ake yi ƙasa gaba ɗaya, kamar injinan kamfanin Vergnet na Faransa masu fikafikai biyu, irin 37 ɗin da aka kafa a Lambar Rimi ta jihar Katsina.

Ƙa'idar da ke murɗa fikafikan tsohuwa ce. Nicolas Minorsky ya rubuta ta a 1922 bayan ya lura da matuƙan jiragen ruwa, ya ga suna duba girman kaucewa, da daɗewarta, da saurin da take sauyawa. Sai dai a nan lanƙwasar Smeaton ke dawowa. Murɗa fiffike digiri ɗaya a iskar mita 12 ɗan tasiri kaɗan yake yi, digiri ɗayan nan a iskar mita 24 tasirinsa ya ninka sau da yawa. Na'urar da aka saita don ta farko za ta yi ta kai-komo a ta biyu. Maganin da masana'anta suka runguma shi ne a yi lissafin Maxwell a wurare da yawa, a jera sakamakon, na'urar ta riƙa sassauta hannu yayin da kusurwar fiffike ke ƙaruwa. William Leithead da Douglas Leith na Jami'ar Strathclyde sun shafe shekarun 1990 suna binciken yaushe wannan ɗinki ke riƙewa, yaushe yake yagewa.

Daga nan fagen ya cika da masu bincike. Cibiyar NREL ta Amurka ta ware injina masu kilowat 600 kusa da Boulder domin gwada sababbin ƙa'idoji a iska ta gaske. A 2006 Kathryn Johnson da Lucy Pao da abokan aikinsu suka wallafa bincike kan na'urar da ke gyara saitin kanta yayin da fiffike ke tsufa ko datti ke sauya siffarsa, kuma da hanyar Lyapunov suka auna natsuwarta. A 2009 cibiyar ta fitar da cikakken bayanin wani inji na misali, mai megawat 5 da faɗin mita 126, wanda kowa zai iya gwadawa a manhajarta ta kyauta. Wannan ya buɗe ƙofa ga ɗalibin da bai taɓa hawa hasumiya ba, ko a wace ƙasa yake. Takardu suka yi ta fitowa dubbai, wasu da dabarar kunnawa da kashewa cikin sauri da Stanislav Emelyanov da Vadim Utkin suka raya a Mosko tun shekarun 1960, wasu da na'urar da ke hasashen 'yan sakan masu zuwa.

Gaskiyar da ba a cika faɗi ba ita ce mafi yawan waɗannan takardu ba su taɓa fita daga kwamfuta ba. Da yawa suna murnar ƙarin wuta kaɗan, ba su lissafa sau nawa suka sa boris ɗin fiffike ya motsa ko akwatin giya ya sha bugu kafin a same ta ba. Kamfanin da zai yi alkawarin shekara 20 ya fi son ƙa'idar da zai iya bayyana wa mai ba da takardar amincewa. Binciken da ya samu shiga shi ne wanda ya ɗauki darasin Vermont da gaske. Misali, Ervin Bossanyi na kamfanin Garrad Hassan a Bristol ya nuna a 2003 yadda za a murɗa kowane fiffike daban, domin wanda ke sama da wanda ke ƙasa ba iska ɗaya suke sha ba, kuma rage wannan bambanci na ƙara wa ƙarfe kwana.

Teku mai zurfi ta zo da nata. Lokacin da ake shirin Hywind, injin mai megawat 2.3 da aka sa yana yawo a kan ruwa kusa da Karmøy ta Norwe a 2009, lissafi ya nuna wani abu mai ɗaga hankali. Hasumiyar na lilo a hankali. In ta sunkuyo gaba, farfela ta ji kamar iska ta ƙaru, na'ura ta kautar da fikafikai, turin da ke riƙe hasumiyar ya ragu, ta ƙara sunkuyowa. In ta koma baya, abin ya juye. Na'urar da ke aiki lafiya a tudu ita ce ke ƙara wa lilon ƙarfi a ruwa, cutar nan ta ƙwallayen Watt ce sak. Torben Larsen na Risø da Tor Hanson suka wallafa mafita a 2007: a rage saurin martanin na'urar har ya gaza saurin lilon, a haƙura da ɗan hawa da saukar gudu. A 2017 aka kafa injina biyar masu megawat 6 kowanne a kan ruwa kusa da Peterhead ta Sikotland.

Yanzu tambayar ta wuce inji ɗaya, ta koma kan abin da ɗaruruwansu ke yi wa layin wutar ƙasa. Ranar 28 ga Satumba 2016 guguwa ta karya manyan turakun wuta a jihar Ostireliya ta Kudu, ƙarfin wuta ya faɗi ya tashi sau shida cikin kusan minti biyu. Injinan iskar na iya jure kowace faɗuwa. Amma a manhajar da yawansu akwai wani saiti da ke ƙirga faɗuwar, in ta kai wani adadi injin ya janye don kare kansa, kuma hukumar da ke tafiyar da layin ba ta san da shi ba. Tashoshi tara suka janye megawat 456 cikin ƙasa da sakan bakwai. Nauyin ya koma kan layin Heywood da ke kawo wuta daga jihar Victoria, shi ma ya yanke, gidaje da wuraren sana'a 850,000 suka shiga duhu. Binciken hukumar ya nuna cewa da ba don wannan saiti ba, da jihar ba ta rasa wuta gaba ɗaya ba. Aka sauya adadin a manhajar, aka tsaurara sharuɗɗan haɗa sababbin tashoshi da layi. A Disambar 2017 kuma aka ƙaddamar da batir mai megawat 100 a gefen tashar iska ta Hornsdale, wanda ke mayar da martani cikin ƙasa da sakan guda duk lokacin da bugun wutar ya kauce daga zagaye 50 a sakan.